Darasi na 9: Yadda Hukuncin Wani Yake Zama Doka a Kanka

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. ba da tarihin kotunan Kano a taƙaice, tun daga zauren alƙali har zuwa kotunan yau;
2. bayyana ma'anar hukuncin koyi, da abin da ya sa lauya yake janyo tsohuwar shari'a a gaban alƙali;
3. karanta adireshin shari'a kamar yadda ake rubuta shi a kundin rahoto;
4. gane kotun da ta dace da matsalar ma'aikacin kamfani da wadda ta dace da rikicin gado.

Shimfiɗa

Kullum da sassafe ma'aikata suna fita daga Ɗorayi, wasu a Adaidaita Sahu, wasu a keke, zuwa kamfanonin roba da na jima da na lemo a Sharaɗa da Challawa da Bompai. Yawancinsu ba su taɓa taka ƙofar kotu ba, kuma ba sa fata. Amma kuɗin da za a ba mutum ranar da aka sallame shi, da haƙƙinsa idan inji ya ci masa yatsa, da makomar gidan da mahaifinsa ya bari, duk da hannun kotu a ciki. Wasu mutane ne da bai sani ba suka yi shari'a a Legas ko Sakkwato ko ma Ingila, alƙalai suka yanke, aka rubuta, aka buga a littafi. Ranar da tasa matsalar ta taso, wannan littafin za a buɗe.

Bahaushe yana cewa shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Da gaskiyarsa. Sai dai an daɗe ana ƙoƙarin rage wannan rashin tabbas, kuma hanyar da aka fi dogara da ita ita ce rubutu.

1. Zauren alƙali

Kano ta san alƙali tun kafin Bature ya san hanyar Kano. A ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, Shehu Magili ya sauka a birnin ya rubuta wa sarki nasiha a kan mulki da tsayar da adalci. Bayan an soma jihadi a 1804, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ɗan zauna a Kano, kuma a nan ya rubuta littafinsa Liya'ul Hukkam domin shiryar da masu mulki da masu hukunci.

Tsarin zaman ba baƙo ba ne a wurinmu, don har yau da sauransa. Alƙali yana zaune, muhuti yana gefe. Mai ƙara ya faɗi da'awarsa, a ce ya kawo shaidu. In ya rasa, rantsuwa ta koma kan wanda ake ƙara. In magana ta yi zurfi a buɗe littattafan Malikiyya, irin su Risala da Muhtasar da Tuhufa. Manyan shari'u, na jini da na ƙasa, fada ake kai su, sarki ya zauna da majalisarsa.

Abin riƙewa a nan shi ne inda alƙali yake neman hujja. Nassi yake dubawa da maganganun malaman mazhaba, ba abin da alƙalin Zariya ya yanke bara ba. Hasali ma, a wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari ya ja hankalinsa cewa kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau. Shi ya sa littattafan fiƙihu da na fatawa aka fi tarawa, ba hukunce-hukuncen alƙalai ba.

> AKWATIN MA'ANA
> Da'awa: abin da mai ƙara yake cewa nasa ne, ko an yi masa.
> Hurumi: iyakar ikon kotu, wato irin shari'un da doka ta yarda ta saurara. Kotun da ta yi hukunci a wajen huruminta, aikin banza ta yi, komai kyan hukuncin.

2. Shari'a biyu a gari ɗaya

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Gwamna Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba. Ko da ya so, ba shi da ma'aikatan da za su maye gurbinsu. Sai aka bar su ƙarƙashin En'e, aka kasa su daraja-daraja daga A zuwa D. Kotun sarki mai daraja ta A tana iya yanke hukuncin kisa, amma ba a zartarwa sai gwamna ya amince. An hana yanke hannu. An kuma ba Razdan da Di'o ikon buɗe littafin kotu su duba, su rage hukunci ko su mayar da shari'a wani wuri.

To, mai duba littafi sai an rubuta masa littafin. Ta haka rubuta zaman kotu ya zama dole. Daga cikin abin da ya tsira akwai rubutun shari'un majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, cikin Larabci, waɗanda masanin tarihi Allan Christelow ya fassara wasu ya buga a 1994. Rigimar gona ce da ta gida, da ƙarar sata, da ta kisan kai. An haura shekara ɗari, amma rigingimun ba su yi nisa da waɗanda ake kaiwa kotun Ƙofar Kudu a yau ba.

A gefe guda Turawa sun zo da tasu shari'ar, wadda kamfanonin sayen gyaɗa da fata suke hulɗa da ita. Aka ce dokokin gama-gari da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairun 1900 za su yi aiki a nan, haɗe da hukunce-hukuncen da alƙalan Ingila suka tara shekara da shekaru. Ta wannan ƙofa al'adar janyo tsohuwar shari'a ta shigo mana.

Da farko kowa yana layinsa. A 1933 Gwamna Cameron ya yi gyaran da ya buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan En'e zuwa na Turawa, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci da aka fi sani da SAS.

A 1947 ɗin nan ne shari'un biyu suka yi karo. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum mai suna Tsofo Gubba hukuncin kisa saboda ya kashe wani. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya kashe da gangan ƙisasi ne a kansa idan dangin mamaci suka nema, ko da tunzura shi aka yi. A kundin laifuka na Turawa kuwa, tunzurawa tana sauko da laifin zuwa wanda ba a kashe mutum a kansa. Kotun Afirka ta Yamma ta soke hukuncin. Abin ya yi wa sarakuna da alƙalan Arewa ciwo ƙwarai, domin sun gane ba Tsofo Gubba kaɗai aka yi wa hukunci ba. Tunda an buga shi a kundi, duk shari'ar kisa mai kama da tasa wannan hanyar za ta bi. Aka shiga yi wa doka kwaskwarima, a gyara nan can ya ɓalle, har sama da shekara goma.

A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ce ta haifi Final Kod, wanda aka tsara bisa samfurin na Sudan, ya fara aiki a 1960. Laifuka suka koma ƙarƙashin rubutacciyar doka guda. Aure da gado da makamantansu suka zauna a hannun shari'ar Musulunci, aka kafa musu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, inda Sheikh Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalai a 1962.

3. Daga En'e zuwa yau

Abin da ya biyo baya za mu taƙaita shi. A 1963 Najeriya ta zama jamhuriya, aka daina kai ƙara Landan, Kotun Ƙoli ta zama zangon ƙarshe. Tsakanin 1967 da 1968 gwamnatin soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, aka rufe kotunan sarakuna, na alƙalai suka koma kotunan yanki ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha. A 1976 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da kuma Kotun Ma'aikata. A shekarar 2000 Kano ta bi sahun Zamfara, kotunan yanki suka koma Kotunan Shari'ar Musulunci, da nasu kundin laifuka.

Yanzu a Kano hanya biyu ce take hawa sama. Ta farko ta taso daga kotunan majistare, irin na Nomansland da Gyaɗi-Gyaɗi, zuwa Babbar Kotun Jiha da ke zama a Sakatariyar Audu Bako da Miller Road. Ta biyu ta taso daga ƙaramar kotun Musulunci zuwa babba. Daga nan sai a duba irin maganar: in aure ne, ko gado, ko wasiyya, ko kyauta, ko waƙafi, ko riƙon yara, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, in laifi ne, sai Babbar Kotun Jiha. Hanyoyin biyu suna haɗuwa a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sannan Kotun Ƙoli a Abuja. Ban da waɗannan akwai Babbar Kotun Tarayya mai duba al'amura irin su kwastan da rajistar kamfanoni, akwai Kotun Ma'aikata, kuma tun 2019 akwai kotunan ƙananan basussuka inda ɗan kasuwa zai iya bin kuɗinsa ko ba lauya.

> AKWATIN MA'ANA
> Ɗaukaka ƙara: neman kotun da ke sama ta duba hukuncin ta ƙasa. Yana da wa'adi; wanda ya bari ya wuce sai ya roƙi izini, kuma ana iya hana shi.

4. Hukuncin koyi

Ƙa'idar ba ta da wuya. Idan babbar kotu ta warware wata tambaya ta doka, duk kotun da ke ƙasa da ita dole ta bi wannan amsa a shari'a mai kama da ita, ko alƙalin yana so ko ba ya so. Abin da Kotun Ƙoli ta faɗa ya hau kan kowa, kuma ita kaɗai ce take iya warware maganarta idan ta gamsu ta yi kuskure a baya. Hukuncin kotu tsarar juna, ko na wata ƙasa, shawara ce mai nauyi, ba tilas ba.

Amma ba duk abin da alƙali ya rubuta ba ne yake zama doka. Hukunci yakan kai shafi hamsin, a ciki akwai labarin rigimar, akwai hujjojin lauyoyi, wani lokaci har da faɗa ga wanda ya ɓata wa kotu lokaci. Abin da yake ɗaure na baya shi ne dalilin da aka gina hukuncin a kansa. Rabin aikin lauya a nan yake: ɗaya yana cewa shari'ar nan irin waccan ce sak, ɗayan yana nuna inda suka rabu.

> AKWATIN MA'ANA
> Hukuncin koyi: hukuncin babbar kotu da ƙananan kotuna suke bi a shari'a mai kama da shi.
> Ginshiƙin hukunci: ƙa'idar doka da alƙali ya dogara da ita, wadda in an cire ta hukuncin ba zai tsaya ba.
> Maganar ratse: abin da alƙali ya faɗa a kan hanya, wanda hukuncin bai dogara da shi ba.

Misali na ɗaya: kwalbar lemo

A ce wata mata a Ɗorayi Ƙarama ta je biki, ƙaninta ya sayo mata lemon kwalba. Ta sha rabi sai ta ga ƙazanta a ciki, daren nan ta kwana a asibiti. Ba ita ta saya ba, kuma ba ta taɓa ciniki da kamfanin ba. Tana da bakin ƙara?

Lauyanta zai fara da Sukotlan. A 1928 wata mata, Misis Donoghue, ta sha lemon da aka saya mata a garin Paisley, ta ce ta ga ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar. A 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, ta ce mai sarrafa kaya yana da nauyin kula da lafiyar wanda zai yi amfani da su, ko da babu ciniki a tsakaninsu. Daga nan lauyan zai dawo gida: a 2008 Kotun Ƙolin Najeriya ta bi wannan ƙa'ida a shari'ar Okwejiminor da Gbakeji, inda mataccen kyankyaso ne aka samu a kwalbar lemo. Na farko shawara ce ga alƙalin Kano, na biyu umarni ne.

Ginshiƙin ba dodon koɗi ba ne, ba kuma kyankyaso ba, nauyin kula ne. Don haka yana iya hawa kan mai yin biskit ko ruwan leda. Sai dai ƙa'ida ba ta ɗauke wa matar nauyin kawo hujja ba. In ta zubar da kwalbar, ba ta riƙe takardar likita ba, ba ta da wanda ya ga lokacin da aka buɗe murfin, lauyan kamfani zai ce daga baya abin ya shiga.

5. Kundin rahoton shari'a

Hukuncin da ba wanda ya san da shi ba mai iya koyi da shi. Wannan ne ya haifi sana'ar rahoton shari'a: a zaɓo muhimman hukunce-hukunce, a taƙaita labarin, a fito da ginshiƙan a sama, a buga cikakken abin da alƙalai suka ce a ƙasa.

A Ingila an daɗe lauyoyi ɗaiɗaiku ne suke bugawa da sunansu, wasu ƙwararru, wasu kuwa alƙalai ba sa ko son a janyo littafinsu. Sai a 1865 aka kafa majalisa ta musamman domin aikin. Labarin maƙwabciyarta Ailan ya fi kama da namu. Mutanen ƙasar suna da alƙalansu na gargajiya da ake kira Brehon, da dokokinsu rubutattu cikin harshensu. A 1608 alƙalan Ingila da ke zama a Dublin suka ɗauki matsayin cewa al'adar ƙasar ta gadon sarauta da filaye ba doka ba ce. Wanda ya buga rahoton a 1615, Sir John Davies, shi ne babban lauyan gwamnatin da take son kawar da al'adar, kuma littafinsa ne kundin rahoto na farko da aka buga a ƙasar. Ta bakin mai ɓangare a rigima na baya suka ji labarin. Sai a 1866 Ailan ta sami tata majalisar buga rahotanni. Da suka kafa kotunansu a 1924 bayan samun 'yanci, ba su watsar da hukuncin koyi ba, kamar yadda mu ma ba mu watsar ba bayan 1960.

A Najeriya kundin farko na gwamnati ya ƙunshi shari'un 1881 zuwa 1955 cikin juzu'i 21. Ku lissafa ku gani: shekara saba'in da ɗoriya, littafi 21. Arewa ta fara buga nata a 1956. Kundayen gwamnati sukan makara da shekaru, har ta kai lauyan da ya mallaki kwafin sabon hukunci a aljihu yana iya mamayar abokin karawarsa a gaban alƙali. Cif Gani Fawehinmi ne ya karya wannan a 1985, da ya fara fitar da kundin NWLR kowane mako. Yau kuma lauya a Kano yana binciko hukunci a wayarsa ta manhajoji irin su LawPavilion.

Ɓangaren shari'ar Musulunci ne aka bari a baya. Lauya Yahaya Mahmood ya tattara wasu hukunce-hukunce na 1961 zuwa 1989 ya buga, wasu ma sun yi nasu ƙoƙarin, amma mafi yawan abin da alƙalanmu suke rubutawa da Hausa yana nan cikin fayil a ɗakin ajiya. Malamai suna da saɓani a kan ko alƙalin Musulunci ya kamata a ɗaure shi da hukuncin wani. Ko ma wane ra'ayi mutum ya bi, rashin bugawa asara ce: shari'ar da aka fi yi da harshen jama'a ita ce jama'a suka fi kasa samu su karanta.

Misali na biyu: karanta adireshin shari'a

Ga yadda lauya yake rubutawa:

Chukwumah v. Shell (1993) 4 NWLR Pt. 289, 512

Sunayen biyu su ne masu shari'ar, harafin v. da ke tsakani yana nufin wane da wane. 1993 ita ce shekarar. 4 shi ne juzu'i na huɗu na shekarar. NWLR sunan kundin. Pt. 289 lambar fitowar mako ce, 512 kuma shafin da shari'ar ta fara. Da wannan layi ɗaya ma'aikacin laburare a sashen shari'a na Jami'ar Bayero, ko a Makarantar Lauyoyi ta Bagauda, zai miƙo maka littafin.

Misali na uku: sallama a Sharaɗa

A ce wani matashi ya yi shekara 3 yana aikin inji a kamfanin roba, albashinsa ₦80,000 a wata. Ranar Litinin mai gadi ya tare shi a get, ya ce an ce kada ya shiga. Ba takarda, ba dalili. Da yamma ya je wurin kawunsa, tsohon masinjan kotu.

"Kawu, gobe wurin alƙali zan je in karɓo musu sammaci."

"Bi a hankali, ɗana. Alƙalin unguwa ba shi da hurumi a maganar nan. Ina takardar ɗaukarka aiki?"

Tsohon ya yi gaskiya. Gyaran da aka yi wa Tsarin Mulki a 2010 ya ɗora rigimar ma'aikaci da mai kamfani a hannun Kotun Ma'aikata kaɗai, kuma tana da reshe a Kano.

Sai a duba rubutacciyar doka. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago, wadda ta shafi leburori da ƙananan ma'aikata, ya tsara wa'adin sanarwa: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Matashin nan yana rukuni na uku. In ba a ba shi sanarwa ba, kuɗin mako 2 ne, kusan ₦40,000, ban da albashin kwanakin da ya riga ya yi. In takardar aikinsa ta ba shi fiye da haka, ita za a bi. In kuwa babban laifi aka tabbatar ya yi, kamar sata, ana iya korarsa nan take.

Yanzu hukuncin koyi. Lauyan kamfani zai janyo shari'ar Chukwumah da muka karanta adireshinta, inda Kotun Ƙoli ta tsaya a kan cewa in an bi sharuɗɗan yarjejeniya, kotu ba ruwanta da dalilin sallama, kuma diyya ba ta wuce kuɗin wa'adin sanarwa. Lauyan matashin zai janyo shari'ar Aloysius da bankin Diamond ta 2015, inda Kotun Ma'aikata ta ce sallama ba tare da ingantaccen dalili ba ta saɓa wa kyakkyawan tsarin ƙwadago na duniya.

Ɗalibi mai lura zai tambaya: yaya ƙaramar kotu ta saɓa wa Kotun Ƙoli? Amsar masu wannan ra'ayi ita ce dokar da aka gina tsohon hukunci a kanta ta canza, domin gyaran 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ikon duba tsarin ƙwadago na duniya, abin da babu shi a 1993. Jayayyar ba ta ƙare ba tukuna. Don haka lauyan da ya yi wa matashin nan alƙawarin miliyoyi tun kafin ya ga takarda ko ɗaya, a yi hattara da shi.

Takardun su ne: ta ɗaukar aiki, wadda sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci cikin wata 3 da fara aiki, da katin shaida, da alat ɗin albashi a waya. Mai aikin kullum-kullum da ake biya a hannu ya fi kowa shan wahala a nan, sai ya dogara da shaidar abokan aiki, su kuma suna tsoron nasu abincin. Wanda ya ji rauni a bakin aiki kuwa, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ce take duba shi ta hannun hukumar NSITF. Marar halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar ƙungiyar ƙwadagonsa ko ofishin Hukumar Tallafin Shari'a.

Misali na huɗu: gidan gado

A ce magada huɗu suna da gida a Ɗorayi Babba, ba a raba ba. Babban wansu ya sayar da kasonsa ga wani baƙo. Ƙannen suka ce su suka fi cancanta su saya. Maƙwabci ma ya taso, ya ce katangarsu ɗaya, shi ma yana da haƙƙi.

A mazhabar Malikiyya shufu'a ta abokin tarayya ce a dukiyar da ba a raba ba, don haka ƙannen suna da magana, za su biya kuɗin da baƙon ya biya su karɓi kason. Maƙwabci fa? An yi irin wannan a Sakkwato, ta kai har Kotun Ƙoli a 1998, shari'ar Alkamawa da Bello. Kotun ta ce maƙwabtaka kaɗai ba ta ba mutum shufu'a a Malikiyya. A wannan hukunci ne Mai Shari'a Bashir Wali ya bayyana cewa shari'ar Musulunci ba dokar gargajiya ba ce, domin ba ta wata ƙabila ba ce. Alƙalin da maƙwabcin nan zai je gabansa zai sami amsa iri ɗaya a wuri biyu, a Muhtasar da kuma a kundin rahoto.

> AKWATIN MA'ANA
> Shufu'a: haƙƙin abokin tarayya na karɓar kason da ɗan'uwansa ya sayar wa bare, bisa kuɗin da aka sayar.
> Kwafi mai hatimi: kwafin hukunci da magatakardan kotu ya sa wa hannu da hatimi, yana shaida daidai yake da na asali.

6. Karɓi naka a rubuce

Mutanen Kano ba sa buƙatar dogon bayani a kan nauyin kwafi mai hatimi. Ranar 17 ga Nuwamban 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta karanta hukuncin zaɓen gwamnan Kano. Da kwafin ya fito, sai aka ga wani sashe a ƙarshensa ya saɓa wa abin da aka karanta. Kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Gari ya ɗauki zafi, maganar ba ta kwanta ba sai da Kotun Ƙoli ta yanke nata hukunci ranar 12 ga Janairun 2024.

In haka ta faru a shari'ar da duk ƙasa ta zuba wa ido, mai shari'ar fili ko ta bashi ya fi kowa buƙatar lura. Ranar da aka yanke maka hukunci, ko ka ci ko an ci ka, je ofishin magatakarda ka nemi kwafi, ka biya kuɗin ka karɓi rasit. Ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka, a duba sunaye da iyakokin fili da adadin kuɗi. Da shi ake ɗaukaka ƙara, da shi ake zartar da hukunci, kuma shi 'ya'yanka za su nuna idan wani ya sake tayar da maganar bayan ranka.

Tambayoyin bita

1. Ina alƙalin Kano yake neman hujja kafin zuwan Turawa? Ambaci littattafai biyu.
2. Me ya sa rubuta zaman kotu ya zama dole bayan 1903?
3. Me ya faru a shari'ar Tsofo Gubba, kuma me ya sa ta dami sarakunan Arewa?
4. Wane canji aka yi wa kotunan En'e tsakanin 1967 da 1968?
5. Bayyana bambancin ginshiƙin hukunci da maganar ratse da kalmominka.
6. A adireshin shari'ar Chukwumah, me 4 da 289 da 512 suke nufi?
7. Wata ma'aikaciya ta yi shekara 6 a kamfanin jima a Challawa, albashinta ₦90,000 a wata, aka sallame ta ba sanarwa kuma ba laifi. Wace kotu za ta je? Nawa ne kuɗin wa'adin sanarwarta bisa sashe na 11?
8. Matar da ba ta gamsu da rabon gadon da babbar kotun Musulunci ta yi ba, ina za ta ɗaukaka ƙara?
9. Aikin rukuni: ku kasu gida biyu, wasu su kare ra'ayin cewa a riƙa buga hukunce-hukuncen kotunan Musulunci da Hausa, wasu su kawo matsalolin da hakan zai iya haifarwa. Kowane ɓangare ya rubuta hujjoji uku ya kawo aji mako mai zuwa.